Daɗewar Duniya da Wanzuwarta: Tarihin Wata Gardama daga Gazali zuwa Masana Falaki na Zamani

Duk ɗalibin da ya karanci tauhidi a zauren malami, a Damagaram ne ko a Tawa ko a Katsina, ya haddace siffofi biyu tun yana ƙarami: daɗewa da wanzuwa. Daɗewa ita ce rashin farko, wanzuwa kuwa rashin ƙarshe. An koya masa cewa siffofin nan na Allah ne shi kaɗai, duniya kuwa fararriya ce kuma mai ƙarewa. Hujjar da akan ba shi tana cikin ƙaramin littafin nan na Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, watau Ummul Barahina: jikkuna ba su rabuwa da motsi ko tsayawa, motsi da tsayawa kuwa fararru ne tun da ana ganin ɗayansu yana maye gurbin ɗayan, abin da kuma ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Ɗalibi yakan karɓi hujjar ya wuce. Ba kasafai akan gaya masa ba cewa ƴan layukan nan saura ne na wata gardama da ta cinye ƙarnuka, wadda har yanzu ba a rufe ta ba, sai dai ta tashi daga hannun masana tauhidi ta koma hannun masana falaki.

Tarihin wannan gardama muke nufin bi a nan, tare da ƴar'uwarta wadda ba ta taɓa rabuwa da ita ba, watau burin ɗan Adam na kuɓuce ma mutuwa. Mai karatu ya lura: inda muka ce duniya muna nufin sama da ƙasa da taurari baki ɗaya. Wannan da muke takawa za mu kira ta doron ƙasa.

Aristo, malamin Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tafi a kan cewa duniya ba ta da farko kuma ba ta da ƙarshe. A ganinsa sammai an yi su da wani jauhari dabam wanda ba ya tsufa, ba ya lalacewa. Da aka fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza, masana falsafa na Musulmi suka rabu. Alkindi ya ce duniya tana da farko. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce Allah ne sanadinta ba shakka, amma ba a taɓa yin wani lokaci da babu ita ba, kamar yadda haske yake fitowa daga rana ba tare da rana ta riga shi da ko ƙyaftawar ido ba. Wajen 1095 Imamu Gazali ya rubuta Tahafutul Falasifa domin rushe wannan gini. Ya kawo mas'ala 20, ya kafirta masana falsafa a kan 3 daga cikinsu: cewa duniya daɗaɗɗiya ce, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai jimlarsu, da musun tashin jikkuna bayan mutuwa. Biyu daga cikin ukun nan su ne batunmu. Tun a wancan lokaci ke nan makomar duniya da makomar jikin mutum suna ɗaure da igiya ɗaya.

A mas'ala ta 2 ta littafin akwai wani wuri da ya cancanci a daɗe a kansa. Masana falsafa sun kafa hujja da Jalinusa, likitan nan na zamanin Rumawa, wanda ya ce da rana mai ƙarewa ce da an ga tana yanƙwanewa kaɗan kaɗan, ga shi kuwa shekaru dubbai ana auna ta ba a ga ta ragu ba. Gazali ya ba da amsa ta fuska biyu. Da farko ya ce ba dole ba ne abu ya yanƙwane kafin ya ƙare, yana iya halaka farat ɗaya. Sa'an nan ya ce, wa ya sanar da Jalinusa cewa ba ta raguwa? Masana lissafi na zamaninsa suna cewa rana ta ninka doron ƙasa sau 170. Abu mai wannan girma yana iya rasa kwatankwacin duwatsu ba tare da ido ko ma'auni ya gane ba. Ƙarni 8 da ɗoriya bayan haka aka gano cewa rana tana asarar abin da ya haura tan miliyan 4 na nauyinta a kowace daƙiƙa, yana zama haske da zafi, kuma duk da haka abin da ta rasa tun samuwarta bai kai kashi 1 cikin 1000 ba. Kada a ce Gazali ya san wannan, bai sani ba, kuma girman rana da ya ambata ya yi nesa ƙwarai da gaskiya. Abin da ya gane shi ne rashin ganin canji ba hujja ba ne a kan rashin canjin, in ma'aunin bai kai ba. Wannan magana za ta sake dawowa sau da yawa a tarihin nan.

Ibn Rushdi na Kurɗuba ya mayar masa da martani wajen 1180, gardamar ta ƙetare zuwa Turai, har limamin kirista na birnin Paris ya haramta koyar da daɗewar duniya a 1277.

Tun da an yarda duniya mai ƙarewa ce, sai tambaya ta koma: yaushe? A nan ƙasarmu ta shigo cikin labarin. Jalaluddini Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya yi wasiƙa da sarakunan Agadas da Katsina, littattafansa kuma sun yaɗu a hannun malamanmu. Da shekara ta 1000 ta hijira ta fara ƙaratowa, mutane suka tsorata cewa ita ce iyaka. A 898 ta hijira ya rubuta ƙaramin littafi yana kwantar musu da hankali, ya ce shekarun duniya 7000 ne, al'ummar nan za ta wuce shekara 1000, amma ba za ta wuce 1500 ba. Malamai da yawa sun raunana ruwayoyin da ya gina lissafin a kansu, suna masu cewa sanin Sa'a yana wurin Allah. Duk da haka lissafin ya yi tasiri a ƙasar Hausa, inda farkon kowane ƙarni na hijira yakan zo da zancen Mahadi. Shekara ta 1500 za ta kama wajen 2076.

Turawa sun shigo gardamar ta wata ƙofa da ba wanda ya zata, ƙofar injin tururi. A 1824 wani saurayi injiniya na Faransa, Sadi Carnot, ya nuna cewa inji ba ya aiki sai in akwai wuri mai zafi da wuri mai sanyi, zafi yana gangarowa daga wannan zuwa wancan kamar ruwa a magangara. A 1852 William Thomson na Gilasgo, wanda daga baya aka sani da Kelvin, ya kai maganar iyakarta. Zafi kullum watsewa yake yi, ba ya taruwa da kansa. In aka zuba tafasasshen ruwa a cikin randa, ruwan duka zai yi ɗumi, kuma komi daɗewar jira ba za a ga zafin ya koma gefe ɗaya ba. To, in haka ne, taurari garwashi ne da ke ci a cikin daki mai sanyi. Wata rana zafin ko'ina zai zo daidai, magangara ta shafe, babu sauran aiki, babu motsi mai amfani, babu rai. Helmholtz na Jamus ya bayyana ma jama'a wannan a wata lacca a 1854, Clausius kuma ya ba ma'aunin watsewar suna a 1865, ya kira shi entirofi.

Maganar ta girgiza mutanen da suka ajiye addini suka jingina ga ci gaban ɗan Adam. Darwin da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa ba ya iya jure tunanin a ce mutum, bayan doguwar wahalar hawa, ƙarshensa shafewa ne baki ɗaya. Engels, abokin Marx, ya ƙi ka'idar tun a 1869, domin ya hango inda ta nufa: agogon da ke sauka tilas an taɓa ɗaure shi, wanda ya ce duniya tana hucewa kuwa ya yarda ta taɓa farawa da zafi, daga nan sai a tambayi wanda ya hura wutar. Ga abin mamaki ke nan, masu musun Mahalicci sun koma kan ra'ayin Aristo, injin tururi kuma ya koma gefen Gazali.

Amma Kelvin ya yi kuskure babba a wajen adadi. A 1862 ya lissafa shekarun doron ƙasa daga yadda take hucewa, ya sa su tsakanin miliyan 20 da miliyan 400, daga baya ma ya rage su zuwa ƙasa da miliyan 40. Masana duwatsu suka ce lokacin ya yi kaɗan, ya ce lissafi ba ya ƙarya. Lissafin nasa daidai ne, abin da ya gina shi a kai ne ya gaza. A 1896 Becquerel ya gano cewa yuraniyom yana fitar da wani haske da kansa, aka buɗe babin ƙarfin da ke cikin ƙwayar zarra, a 1939 kuma Hans Bethe ya bayyana yadda taurari suke samun wutarsu daga haɗewar ƙwayoyin. Shi wannan yuraniyom, irin wanda aka fara haƙowa a Arlit a 1971, yana rikiɗa a hankali ya zama dalma bisa wani ƙayyadadden sauri, da haka ne Clair Patterson ya auna shekarun doron ƙasa a 1956 ya sami miliyar 4 da rabi da ɗoriya. Miliyar ɗaya miliyan 1000 ce.

A Rasha aka sami wanda ya fi kowa ƙin miƙa wuya. Nikolai Fyodorov, wanda ya rayu daga 1829 zuwa 1903, ma'aikacin ɗakin karatu ne a Mosko, mai gudun duniya, yana rabar da albashinsa yana kwana a kan akwati. Koyarwarsa, wadda almajiransa suka buga bayan rasuwarsa, ita ce mutuwa abokiyar gaba ce ta kowa da kowa, kuma aikin da ya wajaba a kan ɗiya shi ne su tattaro ƙurar iyayensu da kakanninsu ta hanyar ilimi su mayar musu da rai. Tun da doron ƙasa ba zai ɗauki dukan waɗanda za a tayar ba, tilas a bazu zuwa taurari. Kirista ne mai riƙo da addini, yana ganin wannan cika umarnin Allah ne. Wani saurayi mai raunin ji da yakan zo karatu wurinsa, Konstantin Tsiolkovsky, shi ne ya fitar da lissafin tafiyar roka a 1903. Bayan juyin 1917 burin ya tuɓe rigar addini ya sa ta jam'iyya. Da Lenin ya mutu a 1924, Leonid Krasin ya nemi a daskarar da gawarsa da sanyi, na'urar ba ta yi amfani ba, aka koma ga magunguna. Alexander Bogdanov ya buɗe cibiyar ƙarin jini a 1926, yana fatan musayar jini tsakanin tsofaffi da matasa za ta sabunta jiki. A 1928 ya yi musaya da wani ɗalibi mai tarin fuka da zazzaɓin sauro. Ɗalibin ya rayu, Bogdanov ya mutu.

A daidai shekarun nan falaki ya sake sabon salo. Einstein ya ɗauka duniya tsaye take, har a 1917 ya ƙara wani adadi a cikin lissafinsa domin ya hana ta rugujewa. Friedmann na Rasha a 1922, da Georges Lemaître, limamin katolika ɗan Beljik, a 1927, suka nuna cewa lissafin ya yarda da duniya mai buɗewa. A 1929 Edwin Hubble na Amurka ya nuna cewa garkunan taurari suna nisantarmu, kuma iyakar nisan garke iyakar saurin gudunsa. In aka juya tafiyar baya, komi zai taru wuri ɗaya, haka Lemaître ya faɗa a 1931. Sai dai akwai cikas mai ban kunya. Bisa awon Hubble shekarun duniya ba su wuce miliyar 2 ba, alhali duwatsun doron ƙasa suna nuna sun kai haka ko sun fi. Ɗiya ta girme uwa. Masu shakka a lokacin suna da gaskiyarsu. A 1948 Hoyle da Bondi da Gold na Ingila suka kawo wata ka'ida: duniya tana buɗewa amma sabon abu yana samuwa kaɗan kaɗan yana cike gurbi, saboda haka ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Hoyle ne ya laƙaba ma ra'ayin abokan hamayyarsa sunan babbar fashewa a gidan rediyon BBC a 1949.

Hukumomi ma suka tsoma baki. A 1947 Zhdanov, mai kula da aƙida a gwamnatin Stalin, ya la'anci masu cewa duniya tana da iyaka. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa kimiyya ta tabbatar da halitta. Lemaître, wanda ake zaton zai fi kowa murna, bai ji daɗin jawabin ba. Ra'ayinsa shi ne kada a ɗaure imani a jikin ka'idar da awo ɗaya zai iya kayar da ita gobe. A ganinmu ya fi Fafaroma da Zhdanov hangen nesa su duka biyu.

Cikas ɗin shekaru ya warware da aka gano Hubble ya yi kuskure a awon nisa. Baade ya ninka nisan a 1952, Sandage ya ƙara a 1958. A 1965 Penzias da Wilson suka ba da labarin wani amo da ke shigowa na'urarsu daga kowace kusurwa ta sama, dare da rana, wanda ya zama ragowar zafin farko ne, ya huce har ya kusa daraja 270 ƙasa da ta daskarewar ruwa. Lemaître ya ji labarin kafin rasuwarsa a 1966. Hoyle kuwa ya mutu a 2001 bai sallama ba.

Da batun farko ya lafa sai aka koma ga ƙarshe. Ko duniya za ta yi ta buɗewa har abada, ko nauyinta zai ja ta ta koma ta dunƙule cikin wuta? Jamal Nazrul Islam, masanin lissafi ɗan Bangaladash, yana cikin waɗanda suka fara bin maganar da alƙalami, a wata maƙala ta 1977 da littafi a 1983. Jerin da masana suka fitar shi ne: nan da wajen shekara miliyar 1 zafin rana zai ƙafar da tekuna, nan da miliyar 5 ita kanta ta kumbura ta fara mutuwa, bayan shekara miliyan sau miliyan 100 tauraro na ƙarshe ya mutu, sai baƙaƙen ramuka, waɗanda Hawking ya nuna a 1974 cewa su ma tsiyayewa suke yi. A cikin wannan duhu Freeman Dyson ya nemi mafita a 1979. Ya ce halitta mai hankali, in ta sake jiki, tana iya rage saurin tunaninta yayin da sanyi yake ƙaruwa, ta riƙa yin dogon barci tsakanin tunani da tunani, har guzuri mai iyaka ya ishe ta tunani marar iyaka. Frank Tipler ya bi ɗaya hanyar a littafinsa na 1994: duniya za ta dunƙule, a ɗan lokacin ƙarshe kuma wata na'ura mai cika sarari za ta sake rayar da duk wanda ya taɓa rayuwa. Mafarkin Fyodorov ke nan da rigar lissafi. Yawancin masana ba su ɗauke shi da muhimmanci ba.

A 1998 awo ya kayar da su duka biyu. Ƙungiyoyi biyu masu gasa da juna, ɗaya ƙarƙashin Perlmutter, ɗaya ta Schmidt da Riess, sun auna hasken taurari masu fashewa a nesa domin su ga yadda buɗewar take rage gudu, sai suka tarar ƙara gudu take yi. Tipler yana bukatar dunƙulewa, babu ita. Dyson yana bukatar sanyi marar iyaka, Krauss da Starkman suka nuna a 2000 cewa a duniya mai ƙara gudu sanyin yana da ƙasan da ba ya wucewa, guzurin da hannu zai kai gare shi kuma ƙarewa yake yi. Adadin nan da Einstein ya ƙara a 1917 ya kuma janye daga baya, shi aka sake ɗaukowa domin bayanin abin.

A gefen jiki kuwa labarin gajere ne. A watan Janairu na 1967 aka daskarar da gawar James Bedford a Kalifoniya da fatan likitocin gaba za su tashe shi. An daskarar da wasu ɗaruruwa bayansa, ba a tashi ko ɗaya ba. Mafi tsawon rai da takardu suka tabbatar shi ne na Jeanne Calment ta Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122.

To, hukuncin 1998 shi ne na ƙarshe? Mai bin tarihin nan zai yi jinkirin amsawa. Awon kumbon Planck ya ba duniya shekara miliyar 13.8, amma ya nuna cewa abin da muka sani, taurari da ƙura da jikunanmu, kashi 5 ne kawai cikin 100. Wajen kashi 27 ɓoyayyen abu ne da ake gane shi ta nauyinsa kaɗai, wajen kashi 68 kuma ɓoyayyen ƙarfi ne mai tura sarari. Sunaye ne aka ba abin da ba a gani ba, kuma duk hasashen makomar duniya a kan halin wannan ƙarfi ya rataya. Har ila yau saurin buɗewar kansa ana saɓani a kansa: masu auna shi daga ragowar zafin farko suna samun wajen 67, masu auna shi daga taurarin kusa suna samun wajen 73, tazarar kuwa ta fi ƙarfin kuskuren da kowane ɓangare ya yarda yana iya yi. Wannan ba ya nufin babbar fashewa ta rushe, shaidunta suna da yawa kuma daga hanyoyi dabam dabam suka zo. Shakkar tana kan gaba ne, ba baya ba.

A 2024, sa'an nan a watan Maris na 2025, masu aiki da na'urar DESI a jihar Arizona, bayan sun auna nisan garkunan taurari miliyoyi, suka ba da sanarwar cewa akwai alamar ɓoyayyen ƙarfin nan ba tsayayye ba ne, yana raguwa da tafiyar zamani. Su da kansu sun ce alamar ba ta kai matsayin da masana suke kira tabbaci ba. In ta tabbata, lissafin Krauss da Starkman zai bukaci sake dubawa, ƙofar dunƙulewa da aka rufe a 1998 ma tana iya sake buɗewa. Kumbon Euclid na Turai, wanda aka harba a 2023, da sabon madubin hangen nesa na Rubin a ƙasar Cile, wanda ya fitar da hotunansa na farko a watan Yuni na 2025, an gina su ne domin auna wannan ƙarfi, kuma aikin Rubin an tsara shi zai ɗauki shekara 10.